Takardar Ilham A Ƙunshin Irin Albasa

Kura,
Litinin, 6 ga Oktoba.

Ƙawata Ilham,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yan ɗakinku. Yaya karatu? Hannun naki ya warware kuwa? Tunda har yanzu ba ki yi wata wayar ba, zan ba direban motar Kano wannan ya miƙa miki.

Ilham, na yi kuskure. Kin tuna takardun tambayoyin da na raba don aikin kammala digirina, kan tsoron da ɗalibai ke ji a cikin jami'a? Guda ɗari da ashirin ne, kuma na yi wa kowa alkawarin ba mai gani sai ni. Da na dawo gida na zuba su a buhu, na tura ƙarƙashin gado.

Yanzu lokacin yafa irin albasa ne, Iya kuma tana sayar da iri a gida. A wajenta, duk takardar da aka gama karatu da ita ta ƙunshi ce. Jiya na tarar da buhun a buɗe. Sau uku na ƙirga, saura tamanin da uku. Taki ba ta ciki.

Ita ce wadda kika rubuta a bayanta sunayen ɗaliban nan uku da suka tare ki tsakanin laburare da ɗakunan kwanan mata, suka murɗe miki hannu suka ƙwace wayarki. Har lambar ɗakinki kika sa a ƙasa. Ɗayansu, Sagiru, ɗan Bunkure ne, kuma mahaifinsa a wajen Iya yake sayen iri.

Dole in nemo sauran takardun. Gobe zan bi gonaki. Kafin ki ji daga gare ni, kada ki bi hanyar nan ke kaɗai.

Ki gaishe min da kowa.

Taki,
Mubina.

Kura,
Juma'a, 10 ga Oktoba.

Ƙawata Ilham,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, kuma wasiƙata ta iso. Mu ma lafiya, sai dai Iya da take ta kuka tana cewa ita ta ja.

Ta tuna masu saye goma sha huɗu. Kwana uku ina bin magudanar ruwa gona-gona, mutane na dariyar mai digiri tana tsintar takarda. Na samu ashirin da tara. Wasu bakwai sun jiƙe a laka, ba abin da ake karantawa. Ta ƙarshen tana hannun Malam Salisu, mahaifin Sagiru.

A aljihun rigarsa ya ciro ta, a ninke tsaf. Ajami yake karantawa, amma ya san yadda ake rubuta sunan ɗansa da boko. Ya ɗauka takardar yabo ce daga jami'a. Fuskarsa cike da murna ya shaida mini cewa Sagiru ya zo gida ranar Talata, shi kuma ya nuna masa takardar. Wai Sagiru ya karanta, ya ce sunayen shugabannin aji ne, ya ɗauki hotonta da waya, Laraba da safe ya koma makaranta. Na kasa gaya wa dattijon gaskiya. Na ce ta ofis ce, ya ba ni.

Saboda haka Sagiru ya ga lambar ɗakinki, Ilham. Kwana biyu ke nan yana can.

Don Allah da kin karanta wannan ki ɗauki kayanki ki tafi gidan Gwaggonki a Kumbotso. Kada ki jira a tashi daga lacca. Ranar Litinin zan biyo miki mu je ofishin tsaro da takardar, kuma sunana za a fara rubutawa a ƙorafin.

A aikina na rubuta cewa ɗalibai saba'in da ɗaya sun fi tsoron kai ƙara a kan tsoron ɓarayin. A lokacin lissafi kawai nake yi. Yanzu ni ma ina cikinsu, amma zan zo.

Ki yafe mini. Allah ya tsare ki.

Taki har kullum,
Mubina.