An Yi Mini Fatiha Ina Zaune

Zuwa ga Malam marubuci, mai zagaya makarantun Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa yana raba littafinsa na tarihin ƙaura da 'yancin talaka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina maka sannu da hanya. Sunana Hamadu, tela ne ni a Kiru. Ni ne yaron da ka kashe a littafinka, a babin da ya yi maganar tashin garinmu daga bakin dajin Falgore. Sau biyu ina aika maka saƙo ta hannun direbanka, shiru kamar an shuka dusa, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Ranar Larabar da ka zo makarantar bayan kasuwarmu, ina cikin iyayen da aka gayyata. Ka yi bayani mai kyau a kan mutanen da aka raba da gonakinsu, wannan ba zan ƙwace maka ba. Daga nan ka danna wayarka ka kara ta a lasifika, sai muryar mahaifiyata, Inna Dije, ta cika ɗakin. Damina biyu ke nan da binne ta. Har tarinta na ji, har ƙarar awarwaron hannunta. Ta lissafa 'ya'yanta huɗu da sunayensu, aka ji ka ce mata ai biyar aka gaya maka. Ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo, ba a jin komai sai kukan kurciya a bayanta. Nan ka kashe wayar, ka ce wa jama'a baƙin ciki ne ya ɗaure mata baki, domin na biyar ɗin ya rasu a hanyar ƙaura, ka nemi a yi masa Fatiha. Kowa ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, na shafa, na ce amin. Na so in miƙe ƙafafuna suka ƙi, kafin in dawo hayyacina motarka ta tashi.

Na biyu. Malam, ba baƙin ciki ba ne, kunya ce. Ni ne ɗan farinta, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko da za a sa mata wuƙa a wuya. Da aka tashe mu ina ɗan ƙarami, a mararraba aka miƙa ni ga kakata kamar yadda aka saba yi wa ɗan fari, muka nufo Kiru, iyayena kuma suka yi Doguwa. Da ka tambayi kowace tsohuwa da ke tsakar gidan Inna ranar da ka ɗauki muryarta, da ta warware maka. Ka fito nema wa waɗanda ba a saurara ba haƙƙinsu, kai ma ba ka tsaya ka saurara ba.

Na uku. An ba ni labarin ka yi haka a Bebeji kafin ka zo mana, ka kuma yi a Tudun Wada da Doguwa. Fatiha huɗu ke nan aka yi mini ina kan keken ɗinki. Mai ɗakina har ta tambaye ni ko ta fara takaba, muka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Makon jiya na hau acaɓa na je kufan garinmu. A mararrabar nan da na rabu da Inna na tarar da tarin duwatsu an kewaye shi da ƙaya, an share gefensa tas. Wata mai itace ta ce mini, "Baba, yi a hankali, kabarin yaron cikin littafi ne." Na tsaya a kansa har inuwata ta rufe shi. Ban san wa ke ciki ba, ban ma san ko akwai kowa ba. Tun ranar ba na son a kira sunana daga baya.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni zama. An yarda zuri'ar garin su koma su noma tsoffin gonakinsu, kwamitin rabo kuwa samari ne da ba su san ni ba, kuma da jerin sunayen littafinka suke aiki. Ƙannena maza uku sun rasu, macen tana aure a nesa, dattawan da suka ga ranar sunana duk sun kwanta dama. Sakataren kwamitin ya dube ni da ladabi ya ce, "Baba, ba mu ƙaryata ka ba, amma takarda ta ce ka rasu." Za su rufe rabo da ruwan farko, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. In aka rufe babu ni, gonar ubana ta wuce ni, ta wuce 'ya'yana.

Ga abin da nake roƙo. Ka rubuta wa kwamitin takarda da sa hannunka kafin ruwa ya sauka, ka ce ka yi kuskure. Ka koma makarantun nan huɗu ka faɗa da bakinka, ni zan biyo ka in tsaya a gani. Ka gyara babin kafin ka sake raba ko kwafi ɗaya.

Sannan ka turo mini muryar nan, kuma don Allah kada ka yanke shirun. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana, haka take yi, ta kira kowa ta tsallake ni, ni kuwa in taso. Ranar Larabar nan ma ni ta kira, na kasa tashi.

Allah ya ƙara maka basira, ya kiyaye hanyarka, ya yi maka tsawon rai. Allah ya sa ranar da za a yi maka Fatiha ba ka cikin masu cewa amin.

Wassalam.

Naka, Hamadu tela, ɗan farin Inna Dije, Kiru.