Abin da Na'ura Ba Ta Hasashe

Obiagu, Enugu
Litinin

Raihana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Baba da ƙafarsa?

Na kasa zama wuri ɗaya. Manhajar da nake rubuta wa Kawu Lawal don shagon albasarsa na Kasuwar Artisan ta ƙi ni. Da Haskell nake yi, yaren kwamfutar da kika koya min a makaranta. Na rubuta wani aiki mai suna shirya, wanda ake miƙa masa wani aikin mai suna juya, mai juya jeri ƙarshe ya koma farko. A cikin shirya na sa juya a sunayen direbobi, na kuma sa shi a adadin buhuna, sai jan rubutun kuskure ya cika allo: wai suna ake jira, aka ga lamba. To juyawa ai juyawa ce! Ba ke kika ce yaren nan da kansa yake gane nau'in abu ba? Abeg ki duba min.

Naki,
Zainulabidin

Rumuokoro, Fatakwal
Talata

Malam Zainu,

Wa alaikumus salam. Baba da sauƙi, yana gaishe ka.

Yana ganewa, amma da iyaka. Aikin da aka miƙa wa wani aiki, nau'i ɗaya tak na'ura take hasaso masa. Ta gan shi da sunaye, ta ce na sunaye ne, magana ta ƙare. In kana so ya yi wa kowane iri, sai ka rubuta nau'insa da hannunka a saman shirya, ka fara da forall, wato "ga kowane". Wannan ba za ta yi maka ba.

Ni ma haka. Shekara uku, imel arba'in da ɗaya, duk a kan jan rubutu. Da tambayar karatu na fara ganinka, don haka abokin karatu na ɗauke ka. In akwai wani abu bayan wannan, ban gan shi a rubuce ba.

Haidar na Onitsha ya turo magabatansa. Baba ya ce zaɓi nawa ne, amma Juma'a bayan masallaci zai ba su amsa. Wallahi na gaji da hasashe.

Ka huta lafiya,
Raihana

Obiagu
Laraba

Raihana,

Salam. Ya yi! Sunaye da buhuna duk sun juyu, Kawu har da sa miki albarka. Maganar Haidar kuma, sau uku na hau okada yau ban san inda zan je ba. Ai kin san abin da ke raina, sai na faɗa?

Naki,
Zainu

Rumuokoro
Alhamis da safe

Malam Zainu,

Salam. Ban sani ba. Gobe Juma'a.

Raihana

Cikin motar Fatakwal
Alhamis da la'asar

Raihana,

Assalamu alaikum. Ga shi a rubuce: ina son ki, aure nake nufi, ga kowane hali da zai zo. Kawu Lawal yana gefena da babbar riga, yana ta faɗa da direba. Ki ce wa Baba don Allah kada ya tafi masallaci sai mun gaisa.

Naki, in kin karɓa,
Zainulabidin