Motarka Ta Daina Shuri

Yaya Danjuma,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Ladi da yara? Mu nan garin Lafiya, lafiya kalau, ƙafar Baba ma da sauƙi.

Motar da ka bar mana ce ta tayar mini da hankali. A hanyar Obi, duk sanda za ta canja giya sai ta yi shuri kamar jaki, har Baba ya dafe ƙirji. Bakanike na farko ya ce giyar ta mutu. Na rasa bakin da zan faɗa maka.

Na biyun ya shinshina man giya, ya ce bai ƙone ba. Da ya shiga ƙarƙashi, sai ga wayar giya ɓera ya gaigaye. Ashe Mama ce ke ɓoye buhun agushinta a but ɗin motar, wai nan ne ɓera ba ya kaiwa! An haɗa waya, yanzu tana tafiya sumul.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Mama ta ce in shaida maka, agushinta dai ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba.

Ƙaninka,
Bulus