Jernej Ya Bar Bakin Raga

Kwarin Savinja, watan Yuni

Zuwa ga Yaya Stanko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anica da yara a can Buenos Aires. Allah Ya ba ka sauƙin ciwon bayan nan, Ya sa sanyin da kuke shiga ya zo muku da sauƙi. Mu nan lafiya lau. An fara yankan ciyawa, ƙamshinta ya cika gari kamar lokacin da Baba yake raye.

Yaya, ɗanka na wajena, Jernej, ya bar ƙwallon hannu. Na ce kai zan fara rubuta wa, don kai ka jawo mana wannan rigima. Ka tuna yadda kake zana raga da alli a ƙofar rumbun Baba, kana jifansa da ƙwallo har sai na fito ina faɗa? Lokacin yana ɗan lukuti, ba ya iya gudu. A makaranta yara sukan ce masa, "Kai Tulu, je ka tsaya a raga, ko ba ka motsa ba ka toshe rabinta." Yakan dawo yana kuka, gobe kuma ya koma.

Bayan tafiyarka wani kulob a birnin Celje ya ɗauke shi. Ya daɗe yana ɗumama benci kafin a san da shi, daga nan sai Jamus. Ranar da ya fara sa rigar ƙasarmu, marigayi mahaifinsa Vinko ya zauna gaban talabijin hawaye na zuba, na tambaye shi, wai hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Ni kuwa ban taɓa kallon wasansa ba. Wace uwa ce za ta zauna ana jifan fuskar ɗanta da dukkan ƙarfi? Da an fara sai in fice lambu. Abin da nake gani kawai shi ne abin da yake dawo min da shi: hanci a karkace, yatsu duk sun lanƙwashe har kofin kofi ba ya riƙuwa da kyau.

Bara waccan aka yi masa aiki a gwiwa, Jamusawa suka sallame shi da godiya da furanni. Sai ya dawo kulob ɗin garinmu, wanda ke ta nitsewa. Wasan ƙarshe na bana ya zo musu a wuya: in aka ci su, sun faɗa rukuni na biyu, 'yan wasa su watse. Likita ya hana shi shiga. Matarsa Tjaša ta ce, "In ka gurgunce, ni dai ba zan goya ƙaton nan ba." Bai ji ba. Ya same ni a kicin ina naɗa potica, burodin nan namu mai zaƙi, ya ce, "Mama, kin gama gudu. Wannan karon ko ido a rufe ne, ki zo."

Na je, Yaya. Zauren ya cika maƙil, ga ganguna, ga masu kiɗan akodiyon. Jernej yana ɗingishi, amma yana tare ƙwallo da ƙafa, da ƙirji, da duk abin da ya samu. Kunnen doki ya ishe mu, kuma a haka ake har lokaci ya ƙare, sai alƙalin wasa ya ba baƙi jifan mita bakwai, wato fenareti. Na ɗaga hannu zan rufe fuska, sai na kasa. Na ga ya yi tsalle ya baje hannu da ƙafa, ƙwallon ta daki goshinsa da hanci ta yi waje. Jama'a suka ruɗe da ihu. Maƙwabciyata Slavka ta rungume ni tana cewa wai Jernej har ya tsufa bai san amfanin hannu ba. Ya hauro wurina da auduga a hanci, ya ce ko na gani. Na ce na gani, kuma na gode Allah da ban ga sauran ba.

Ranar Litinin da safe ya haɗa jakarsa kamar kullum, ya shiga mota, sannan ya tuna babu inda za shi. Na hango shi ta taga yana zaune, hannu a kan sitiyari, ya daɗe a haka. Can ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa, ƙato mai furfura a gemu, ya ce, "Mama, wai mutane me suke yi ranar Litinin?" Na miƙa masa fartanya, muka fita wurin wake. Ya sare min shuka kusan rabin kunya, na bar shi ya ci gaba.

Ka gaida Anica da kyau, da Marjan da matarsa, da 'yar auta Lučka. Tjaša da jikokinka suna gaishe ka. Jernej ya ce yana nan zuwa wurinka kafin Kirsimeti, yanzu babu kocin da zai hana shi. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Zdenka