Volgar Baba Ta Koma Fara

Zuwa ga ƙanena Meret,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Jeren da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a Istanbul ɗin nan da kuka maƙale. Mu nan Ashgabat lafiya lau, sai ciwon gwiwar Baba da taurin kansa. Maƙwabciyarmu Ogulnur ce za ta kawo maka takardar nan hannu da hannu, don ka san akwai abin da ba a faɗa a waya. In ka karanta ka yaga.

Maganar motar Baba ce. Tun da aka hana baƙar mota yawo a gari ya kulle baƙar Volgarsa, tsohuwar motar nan ƙirar Rasha, a gareji, kullum yana goge ta kamar jaririya. Da bikin ɗana Dowlet ya matso, sai ya rantse wai motar da ta ɗauko marigayiya Inna ranar aurensu ita za ta ɗauko amaryar jikansa. Na ce Baba, a yi mata farin fenti mu huta mana. Ya ce ke a fara yi miki tukuna, in kin ji daɗi sai a yi wa motar.

Ran nan ya fito da ita, wai gwaji. Ko gidan burodi bai kai ba aka tare shi, aka ja ta. Ɗan sandan, yaro sa'an Dowlet, ya ce masa dattijo, ai baƙi yana ɓata kyan gari. Baba ya ce to gashin kanka fa, yaushe za a kama shi? Meret, da na ji sai na ce shi ke nan, shi ma za su zo su tafi da shi. Har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa gabana faɗuwa yake.

Ni na sha yawon karɓo ta. Yau a ce ma'aikata sun tafi atisayen fareti, gobe an kwashe su dashen itatuwa, jibi a rufe hanya saboda manya za su wuce. Ga layin garin fulawa, ga ɗinkin amarya, duk a kaina. Da ƙyar aka sake ta, da sharaɗin daga can sai wajen mai fenti. Da Tirkish mai fentin ya dawo da ita fara tas, Baba ya kalle ta sau ɗaya ya ce waye ya ajiye masa firji a ƙofar gida. Ya shige ɗaki, ya daina cin abinci sai koren shayi, wai shi da biki har abada. Wallahi na gaji, har kuka na yi don haushi.

Safiyar biki mun gama ɗaura wa motar gyaluluwa, makaɗa na jira, dangin amarya sun fara aike, Baba ya ƙi fitowa. Dowlet kuma ya ce in ba kakansa ne zai tuƙa ba, ba inda za shi. Kai, halinsu ɗaya! Sai Tirkish ya shiga ya roƙi Baba ya zo ya duba masa abu ɗaya kawai. Ya buɗe ɗan murfin da ke rufe bakin tankin mai. Ashe cikinsa ya bar shi baƙi yadda yake, bai fi tafin hannu ba. Baba ya ɗora yatsunsa a kai. Sannan ya rufe, ya ce wa ya ɓoye masa makulli, ana ta ɓata wa amarya lokaci.

Shi ya ɗauko ta, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Yanzu kullum da safe sai ya fita ya buɗe murfin nan ya leƙa. In ka kira, don Allah kada ka tambaye shi launin komai.

Ka gai da Jeren, da Maysa, da ƙaramin Batir. Amarya Aylar na gaishe ku. Ni da na fi kowa masifa a kan fentin nan, jiya da na ga ba kowa a waje, sai da na je na buɗe na leƙa.

Yayarka,
Annagul