Layin da Kika Karanta Alhali Babu Shi

Città di Castello, 9 ga Satumba, 1968

Zuwa ga Nilde, inuwar ɓauren tsakar gidana, ruwan sanyina a tsakiyar bazara, muryar da kunnena ya fi sani a duniya, matata ta shekara talatin da ɗaya, wadda take gyara ni tun ina saurayi har furfura ta rufe ni!

Kafin komai, kada ki ba ƙanwarki Argia wasiƙar nan ta karanta miki. Na san halinta, kowane layi sai ta tsaya ta ce, "Ji tsohon banza, sai yanzu ya koyi daɗin baki." Ke nake so ki karanta da kanki. Shi ya sa na buga ta da manyan haruffan katakon da muke buga sanarwar rasuwa da su, waɗanda mai wucewa yake gani tun daga tsallaken titi. Kada gabanki ya faɗi, ban mutu ba tukuna. Haruffan ne ba su da yawa, sai na jera shafi ɗaya na buga, na wargaza, sannan in jera na gaba. In kin ji ƙunshin da nauyi, girman haruffan ne ya yawaita shafukan.

Wata uku ke nan, Nilde, tun da motar safe ta hau da ke ƙauyen kan dutse wurin Argia. Wata uku! Injin maɗaba'armu yana ta ƙararsa kamar kullum, amma ni shiru nake ji. Har yanzu burodi guda nake saya, rabin yana bushewa a kan tebur. Kujerarki tana nan bakin taga, ban bar kowa ya zauna a kai ba, ko Malam Egidio mai littafin nahawu, da ciwon gwiwarsa, a tsaye yake gama surutunsa ya tafi. Kaɗaici ya ishe ni, na faɗa miki ba tare da kunya ba.

Kin tuna ranar da kika fara aiki wurin babana, kina 'yar shekara ashirin? Dokarsa ɗaya ce: ba shafin da zai hau inji sai mutum biyu sun duba shi, ɗaya yana karanta shafin gwaji da ƙarfi, ɗaya yana bin rubutun mai littafi da yatsa. Aka zaunar da ke da shafin, aka ba ni rubutun. Littafin nahawu ne na 'yan makaranta, kuma muka faɗa kan venire, aikatau ɗin nan na zuwa, mai taurin kai. Kika ce sauran aikatau bin layi suke kamar tumaki, wannan kuwa akuya ne, kowane lokaci da katangar da yake haurawa. Kika fara: vengo, vieni, viene. Ni kuma kowane layi ya yi daidai sai in ƙwanƙwasa fensir a tebur sau ɗaya. Da kika zo kan vieni, kina zuwa, kika ɗago kai kika dube ni, shi ke nan yatsana ya ɓata hanya. Baba ya ce, "Kai Settimio, takarda aka ce ka duba ko yarinya?" Kika ce, "Ƙyale shi, Baba, duk wanda ya duba a ciki ba zai sami kuskure ba." Wayyo ni! Tun ranar ban sake mallakar kaina ba.

Littafin nan mun buga shi ya fi sau goma, har ya koma hannun Malam Egidio yana sabunta shi. Sai ga ranar nan ta watan Yuni, ranar da nake so a cire ta daga cikin kwanakina. Ya faɗo mana da sabon bugu a hannu yana kaɗawa, yana cewa, "Settimio, ka kashe ni! Yara dubu uku za su tashi ba su san yadda ake cewa za mu zo ba!" Na duba, gaskiyarsa. A jerin lokaci mai zuwa layi guda ya ɓace ɗungum: verrò, verrai, verrà, sai aka tsallake verremo, wato za mu zo. Kunya ta kama ni, kuma maimakon in haɗiye ta sai na juye miki ita. A gaban baƙo na ce, "Ina idonki yake? Ko makancewa kika yi?" Kika cire rigar aiki, kika ninke ta a hankali kika ajiye. Washegari kika ce za ki je ki taya Argia aiki kwana biyu.

Mako biyu na yi ina hura hanci, ina cewa ai fushi ne, za ki huce. Sai wata safiya na zauna sake jera shafin, ina tsintar haruffan dalma ɗaya ɗaya, abin ya faɗo mini. Nilde, na ji layin nan. Da kunnena na ji kin ce verremo ranar da muka duba, da hannuna na ƙwanƙwasa fensir. Yaya aka yi kika karanta layin da babu shi a shafin? Na jawo aljihun teburinki, na tarar da gilashin ƙara girma a ƙarƙashin tsummoki, da takardar likitan ido na Perugia tun ta bara, wai hazo ne yake cin tsakiyar ganinki. Ashe ba karantawa kike ba, daga ka kike kawowa! Ashe duk lokacin da na fita kai kaya, bakin taga kike komawa da gilashin kina haddace aikin gobe, don kada in gane. Shekara guda kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ina zaune taku biyu daga gare ki ina ƙwanƙwasa fensir kamar wani sarki. Wane irin miji ne ke duba waƙafi a takarda ya kasa duba fuskar matarsa? Kuma layin ma hannuna ne ya yar da shi wajen jerawa, ke daidai kika faɗe shi.

Yanzu ni kaɗai nake bin jerin, kuma kowane ɓangarensa sai ya cije ni. In na jera venivi, sai in gan ki kina zuwa da kofi ƙarfe goma, kina mitar na shafa wa kofin tawada. In na kai wurin da ake cewa verrei, da na zo, sai in ajiye aikin in fita tsakar gida. Wanda ya fi ƙona ni shi ne venni, na zo, na lokacin da ya wuce ya gama, domin akwai abin da ban gaya miki ba. Na zo, Nilde. Ranar Lahadin ƙarshe ta Yuli na hau motar, na sauka, na tsaya bakin famfon ƙauyen. Kina zaune a ƙofar Argia kina ɓarar wake, rana tana kan gashinki. Kika ɗago kai, fuskarki ta fuskanci inda nake sosai, kamar ranar farko. Na ɗaga hula. Ba ki gan ni ba. Kika mayar da kai kan wakenki, ni kuma maimakon in ƙarasa wurinki, na juya na jira motar yamma. Ragon namiji kika aura, gara ki sani.

Da na aika direban motar ya tambaye ki yaushe za ki dawo, Argia ce ta ba shi amsa: "Ka ce masa ta ce ya nemi mai ido, ita ba za ta zauna ta zame wa kowa kaya ba." Kaya? Ke? Itacen zaitun da ya shekara talatin yana ba gida mai, don ganyensa ya fara zuba sai a ce ya zama kaya? Haba Nilde, haba 'yar gidana! Masu ido ai sun cika gari, Malam Egidio ma ya kawo mini biyu, na sallame su. Ni ba ido na rasa ba.

Ga abin da nake roƙo. Ki dawo mu yi musayar kujera. Ni zan riƙe shafin gwaji in karanta da ƙarfi, ke ki riƙe fensir. Rubutun mai littafi kuwa ba ma bukatarsa, yana cikin kanki, ya fi na Malam Egidio tsabta. In na karanta daidai ki ƙwanƙwasa, in na kauce ki ƙwala mini a ka, na yarda. Sauran ayyukan da ba ki haddace ba, ni zan karanta miki su sau biyu, sau goma, har sai kunnenki ya gamsu. Ranar ɗaya ga Oktoba ake buɗe makarantu, Malam Egidio yana zuwa kullum kan shafin da na sake jerawa yana cewa, "Buga mana haka nan, ai na duba da kaina." Na ce masa dokar babana tana nan, shafin ba zai hau inji ba sai mutum biyu sun duba, kuma na biyun tana kan dutse. In kin ƙi, zan miƙa aikin ga wata maɗaba'a, in kulle ƙofa, in hau in zauna a dokin ƙofar Argia ina ɓarar wake har ta gaji da ganina. Wannan karon ba zan tsaya bakin famfo ba.

Ki yafe mini kalmar nan da na jefe ki da ita. Na san ba ta gogewa, amma ki bar ni in yi sauran kwanakina ina karanta miki duk abin da hazo ya rufe.

Abu na ƙarshe. Wasiƙar nan ita ce takarda ta farko da ta fita daga maɗaba'armu ba a duba ta ba. Na tabbata akwai kurakurai a ciki, kuma na san ki, ba kya iya ganin kuskure ki bar shi ya kwana. Kada ki aiko da gyaran ta hannun direba, ba zan karɓa ba. Ki kawo da kanki. Motar Alhamis tana isowa ƙarfe sha ɗaya, zan tsaya daidai ƙofarta, kuma ba zan ɗaga hula ba, sunanki zan kira.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a jera sunana da waɗannan haruffa,

Settimio