Yadda Dije ta rasa wuri a lakwal ta kuɗi

Zuwa ga yayana Isuhu,

Gaisuwa mai yawa da hwatan kana lahiya. Ina aiki, ina zaman Abijan? Inna da matarka suna gaishe ka, kowa lahiya lau.

Yaya, akwai abin da na kasa hwaɗa maka a tarho. Ɗiyarka Dije ba ta shiga lakwal ta kuɗin, makarantar bokon da ka ce in sa ta a Madawa ba, kuma laihina ne.

Ka san nan Tama sai an yanke hatsi, an sami karan yin rumhwa, kana yara su shiga aji. Na ɗauka ko'ina haka ne. Na tsaya muka gama ɗaurin damma, sannan na kai ta. Diraktan ya dube ni ya ce, "Malam, mu ɗakunanmu na siminti ne, ba mu jiran kara. An yi wata guda ana karatu, wuri ya cika."

Yanzu tana ta gwamnati can Madawa, tana zaune wajen gwaggo Hajo. Mushensu, malamin ajin, yana da ƙoƙari, amma sun yi yawa, ita can baya take zaune bisa buhu. Ran kasuwa na tambaye ta ko tana ganin allo. Ta ce, "Baba ƙarami, in na miƙe tsaye ina gani."

Ka yahe mini. Baɗi tun hatsi bai nuna ba zan kai sunanta. Ka sa mu addu'a, ka gaida 'yan garinmu na nan.

Ƙanenka,
Sule